Ganin likita daga nesa ba ya kore ma'aikacin lafiyar ƙauye

An daɗe ana ɗauka cewa duba mara lafiya daga nesa yana nufin a bar mutumin karkara shi kaɗai da wayarsa, likitan da bai taɓa jikinsa ba ya yi ta kintace. Wannan fahimta ba ta dace da yadda aikin yake gudana ba.

A Indiya, gwamnati ta ƙaddamar da tsarin ganin likita daga nesa mai suna eSanjeevani a watan Nuwamba na 2019, kuma rukuninsa na farko likita da ma'aikacin lafiya ya haɗa. Mara lafiya kan je ƙaramin asibitin yankinsu, jami'in da ke wurin ya auna zafin jikinsa da bugun jininsa, ya saurari kokensa, sannan ya kira likitan da ke babban asibiti ta bidiyo, su duba shi tare, a rubuta magani. Hannun da ke taɓa mara lafiya yana nan, tafiyar ce kawai aka rage masa, kuma ba sai ya mallaki babbar waya ba.

Sai a watan Afrilu na 2020, lokacin kullen korona, aka buɗe rukunin kiran likita daga gida. Tiyata da naƙuda mai gardama kuwa, dole a kai mutum asibiti.