Eriyar Yagi-Uda: Rezonans da Zaɓin Mai Ƙira

Eriyar Yagi-Uda, wadda aka fi kira Yagi a taƙaice, eriya ce da ke tattara igiyar rediyo ta tura ta wani sashe guda maimakon ta watsa ta ko'ina. Tana da yawa a hannun masu rediyon sha'awa da ke neman magana da tashoshi masu nisa. Shintaro Uda ne ya ƙirƙiro ta a 1926 a Jami'ar Tohoku da ke Sendai a Japan, tare da malaminsa Hidetsugu Yagi. Yagi ya wallafa bayaninta da Turanci a 1928, shi ya sa sunansa ya danne na Uda a bakin jama'a.

Siffarta

Sanduna ne na ƙarfe, galibi alminiyam, a jere a kan wata doguwar sanda da ke zama ƙashin bayanta. Ɗaya ce kawai ake haɗa wa waya daga na'urar watsawa, wato sandar tsakiya, tsawonta kuwa kusan rabin tsawon zango ne, ma'ana rabin tsawon igiyar rediyo guda ɗaya. A bayanta akwai mai mayarwa, wadda ta fi ta tsawo da kusan kashi 5 cikin 100. A gabanta akwai mai jagora, ɗaya ko fiye, waɗanda suka fi ta gajarta da kusan wannan gwargwado. Ana samun tsawon zango a mita idan aka raba 300 da adadin megahaz, ma'aunin gudun kaɗawar igiya. A zangon mita 20, wato yankin da aka ware wa masu rediyon sha'awa daga megahaz 14.0 zuwa 14.35, sandar tsakiya takan kai mita 10.

Rezonans

Kowace sanda tana da gudun kaɗawa da ya dace da tsawonta, kamar lilo da ke amsa turi idan an tura shi a kan lokaci. Idan gudun kaɗawar igiya ya yi daidai da na sandar, ɓangaren turjiya (wato tarnaƙin da ake yi wa gudanar wuta) da ke adana wuta ya dawo da ita yana ɓacewa, sai zallar turjiya ta rage a wurin haɗa waya. Abin da ake kira rezonans ke nan. Kaifinsa ba wasa ba ne: a yanke santimita 10 daga sandar mita 10, rezonans zai tashi sama da kusan kilohaz 140 (megahaz 0.14), wato kusan kashi biyu cikin biyar na faɗin zangon gaba ɗaya.

Masu farawa sukan ɗauka cewa eriya mai rezonans ita ce eriya mai kyau. Ba haka abin yake ba. Mai mayarwa da masu jagora da gangan ake kauce musu daga rezonans. Tsawon na baya da gajartar na gaba su ne ke sa wutar da ke gudana a cikinsu ta yi jinkiri ko ta riga, ta yadda igiyoyin za su haɗu su ƙarfafa juna a gaba, su kashe juna a baya. Rezonans na sandar tsakiya kuwa amfaninsa sauƙaƙa shigar wuta ne kawai. Haka ma awon SWR, wanda ke nuna yawan wutar da ke komowa ta waya: a ɗaura wa na'ura rizisto, abin da ke mayar da wuta zafi kawai, mai turjiyar om 50, za ta nuna 1:1 cif, alhali kusan babu abin da ya fita iska. A SWR na 2:1 kashi 11 cikin 100 na wutar ne ke komowa, asarar da mai sauraro a can nesa da wuya ya lura da ita. Damuwar ta fi shafar na'urorin zamani masu tiransisto, waɗanda ke rage ƙarfinsu da kansu don kare kai.

Abin da ake bayarwa, abin da ake samu

Abubuwa huɗu ne ke jan mai ƙira: ƙarfin tattarawa gaba, toshe abin da ke zuwa ta baya, faɗin zangon da eriya ke aiki a kai, da turjiyar wurin haɗa waya. Ba sa kai ƙololuwa a wuri guda. Sanda tilo mai rabin zango tana da om 73 da ƙarfin tattarawa na desibel 2.15 a ma'aunin dBi, wanda ke kwatanta eriya da wadda ke watsa igiya daidai ta ko'ina. Yagi mai sanduna uku takan kai desibel 7 zuwa 8 a wannan ma'auni, bambancin gaba da baya kuma ya kai desibel 20. Idan aka matsa mata don neman ƙarin tattarawa, turjiyar takan faɗi zuwa om 20 ko ƙasa, faɗin zango ya tsuke, toshewar baya ta lalace. Tunda wayar kowaks, wadda ke haɗa na'ura da eriya, om 50 ce, dole a sa abin daidaitawa irin su gamma, wata 'yar sanda da ake jerawa kusa da sandar tsakiya, ko ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai siffar U. Rabin desibel da ake wahalar nema ta wannan hanya sau da yawa bai kai kuɗin sabulu ba.

Tsawon ƙashin baya ya fi yawan sanduna tasiri. Ninka shi biyu yakan ƙara kusan desibel 2.5, amma nauyi da bugun iska su ma sun ƙaru. Sanduna masu kauri suna faɗaɗa zango. Tarkuna, wato naɗin waya da kafasita (abin adana wuta na ɗan lokaci) da ake sa wa sanda don eriya ɗaya ta yi aiki a mita 10, 15 da 20, suna cin ɗan wuta kuma suna tsuke zango.

Sai tsayi daga ƙasa, wanda ake yawan mantawa. Eriya kwance a tsayin rabin zango tana harba igiya a kusurwar digiri 30, a tsayin zango guda kuwa kusan digiri 15, abin da ya fi dacewa da nisa.

'Yan uwanta

Clarence Moore ya ƙera eriyar kwad mai murabba'i a 1942 a tashar HCJB da ke Kito, Ekwado, saboda tartsatsin wuta na cinye bakin sandunan eriyarsu a siririyar iskar tsauni. Eriyar log-firiyodik, wadda aka haɓaka a Jami'ar Ilinoi a shekarun 1950, ta sadaukar da tattarawa don faɗin zango. Ta Moxon, mai sunan Les Moxon na Ingila, sanduna biyu ce da aka lanƙwasa bakinsu, ƙarama mai toshe baya sosai, kuma tana karɓar wayar om 50 kai tsaye. A yau yawancin masu ƙira sukan gwada tsarinsu a kwamfuta da manhajar NEC, mai lissafa yadda eriya za ta yi aiki, kafin su sa zarto a ƙarfe.