Dakatar da allurar bitamin B12

Dakatar da allurar bitamin B12 shi ne likita ya tsayar da allurar da majiyyaci ya saba karɓa lokaci zuwa lokaci saboda ƙarancin wannan sinadari a jikinsa, ko dai ya mayar da shi kan ƙwaya, ko ya ce masa ya warke. Dacewar matakin ta danganta ne da abin da ya haddasa ƙarancin tun farko. Wanda abinci ne ya gaza masa yana iya dainawa bayan ya farfaɗo. Wanda kuwa hanjinsa ne ba zai ƙara iya tsotsar bitamin ɗin ba, magani ya zame masa abin yi har ƙarshen rayuwa.

Yadda jiki ke samun B12

Ana samun B12 ne daga abin da ya fito daga dabba: hanta, ƙoda, nama, kifi, ƙwai, nono da kindirmo. Babban mutum na buƙatar kimanin maikirogiram 2.4 a rana. Bayan an ci abinci, ruwan tsamin ciki ne ke raba bitamin ɗin da naman, sannan wani sinadari da bangon ciki ke fitarwa, wanda likitoci ke kira intirinsik fakto, ya kama shi ya raka shi zuwa ƙarshen ƙaramin hanji, inda ake tsotse shi. Idan babu wannan ɗan rakiya, kusan duk B12 ɗin da aka ci bayan gida yake bi.

Jiki na ajiye miligiram 2 zuwa 5, galibi a hanta, abin da kan ishi jiki shekara uku zuwa biyar. Ɓargo na amfani da shi wajen ƙera jajayen ƙwayoyin jini, jijiyoyi da laka kuma wajen gyara rufin da ke lulluɓe da su.

Tarihi

Likitan Ingila Thomas Addison ya bayyana wani ƙarancin jini mai kisa wanda ba a san sanadinsa ba, tun wajen 1849, ya kuma faɗaɗa bayanin a 1855. A 1872 Anton Biermer, Bajamushe mai aiki a Zurik, ya raɗa masa sunan da ake amfani da shi har yau, fanishos anemiya. A zamanin, wanda ya kamu yakan mutu cikin 'yan shekaru.

Sauyi ya zo ne daga Amurka. George Whipple ya lura cewa karnukan da aka zubar wa jini sun fi saurin murmurewa idan an ba su hanta. A 1926 George Minot da William Murphy na Bostan suka gwada haka a kan majiyyata, suna ba su hanta mai yawa kullum, ɗanya ko wadda ba ta gama dahuwa ba, kuma mutanen da aka fitar da rai da su suka miƙe. Su ukun sun sami kyautar Nobel a 1934. William Castle ne ya gano dalilin a wajen 1929, ta wata hanya mai tayar da zuciya: yakan haɗiye niƙaƙƙen nama, ya dawo da shi bayan kamar awa guda, a ɗura wa majiyyata ta bututu. Naman da ya gauraya da ruwan cikin mai lafiya ya yi musu aiki, naman kawai bai yi ba, domin cikin masu wannan cuta ba ya fitar da intirinsik fakto.

A 1948 aka tace bitamin ɗin shi kaɗai, a kamfanin Merck na Amurka da Glaxo na Ingila kusan lokaci guda. Dorothy Hodgkin ta Okusfod ta fayyace ƙirarsa a tsakiyar shekarun 1950. Daga nan allura ta maye gurbin hanta. Wajen ƙarshen shekarun 1960 likitocin Suwidin suka nuna cewa ƙwaya mai ƙarfi ma tana aiki, kuma can ta samu karɓuwa fiye da sauran ƙasashe. A 2020, lokacin annobar korona, asibitoci da dama a Birtaniya sun tsayar da allurar ko sun mayar da mutane kan ƙwaya don rage cunkoso, abin da ya jawo ƙorafi mai yawa. A Maris 2024 hukumar NICE ta ƙasar, mai tsara ƙa'idojin magani, ta fitar da ƙa'idarta kan wannan lalura.

Tsarin allurar

Iri biyu ake yi, kuma sunan yana rubuce a jikin kwalba: hydroxocobalamin da cyanocobalamin. Kowace allura miligiram 1 ce, wato maikirogiram 1000, a cikin tsoka. A tsarin Birtaniya ana yin na farko sau uku a mako har mako biyu, sannan duk wata biyu zuwa uku. Idan jijiyoyi sun taɓu, ana yi ana tsallake kwana ɗaya har sai sauƙi ya daina ƙaruwa, sannan duk wata biyu. Na biyun ba ya daɗewa a jiki kamar na farko, shi ya sa bayan zagayen farko ake yin sa duk wata.

Dalilan dakatarwa

Akwai masu tushe: an gyara abinci, ko an daina maganin da ke hana tsotsa, ko mai shaƙar iskar dariya, wadda ke kashe aikin B12, ya bari. Ana tsayarwa kuma idan jiki ya nuna ƙin jinin allurar, wanda ba kasafai ake gani ba.

Mafi yawan kuskure daga takardar gwaji yake fitowa. Duk wanda ke karɓar allura, adadin B12 a jininsa zai fito sama, wani lokaci ya haura 1000 ko 2000, alhali ana kiran ƙasa da 180 zuwa 200 ƙaranci. Wannan yana nuna allurar ta shiga ne kawai, ba ya nuna cikin ya gyaru. Shi ya sa ƙa'idoji ba sa ba da shawarar maimaita gwajin ga mai karɓar allura. Haka gwajin garkuwar jiki mai yaƙar intirinsik fakto: idan ya nuna akwai, an tabbatar da fanishos anemiya, amma kusan rabin masu ita ba ya nuna komai a jininsu, don haka rashinsa ba hujjar dainawa ba ce. Sauran dalilan na tsari ne, kamar sauya asibiti, ɓatan kati, ko sabon likita da bai ga yadda aka fara ba.

Waɗanda ba a tsayar musu su ne masu fanishos anemiya, da wanda aka cire wa ciki gaba ɗaya, da wanda aka yanke wa ƙarshen ƙaramin hanji.

Abin da ke biyo baya

Alamu ba sa dawowa nan take, saboda ajiyar hanta. Wani yakan ji canji cikin makonni, wani sai bayan shekara ko fiye, lokacin da ba wanda zai danganta abin da allurar da aka daina. Ana fara da kasala, haki da bugun zuciya. Harshe ya yi ja, ya yi sumul, yaji ya riƙa ƙona shi. A baƙar fata akan ga gaɓoɓin yatsu da tafin hannu da na ƙafa sun ƙara duhu.

Na jijiya sun fi haɗari. Yatsun ƙafa biyu su riƙa yi kamar ana tsira musu allura, mutum ya ji kamar auduga yake takawa, silifa ya zame masa bai sani ba. Yakan yi tangaɗi a duhu, ko lokacin da ya rufe ido yana wanke fuska a alwala. Mantuwa da saurin fushi na iya biyowa. Wannan ɓarna kan faru ko da jini bai ragu ba, kuma idan ta daɗe watanni ba magani, wani ɓangarenta ba ya gyaruwa.

Folik asid, wani bitamin na ƙarin jini, na ƙara rikita lamarin: yana gyara adadin jini, ita kuwa laka tana ci gaba da lalacewa. Masu sikila da masu juna biyu, da ke shan sa kullum, suna iya faɗawa wannan.

Matakan da ake ɗauka

Na farko shi ne a nemi likitan ya faɗi sanadin ƙarancin da kuma dalilin tsayarwa, a rubuta su a kati. A riƙe kwafin gwajin farko, wanda aka yi kafin allura, domin shi ne ke da amfani. Ɗaukar hotonsa a waya ya wadatar. A kai wa likita duk magungunan da ake sha, musamman metformin na ciwon suga da omeprazole na gyambon ciki, waɗanda daɗewa a kansu ke rage tsotsar B12. Ba a daina metformin saboda haka, ƙara bitamin ake yi.

Idan ba a taɓa binciken sanadi ba, a nemi gwajin garkuwar da aka ambata, da cikakken ƙidayar jini, da folet da sinadarin ƙarfe. Gwajin MMA da na homosistin, sinadarai biyu da ke taruwa a jini idan B12 ya gaza, suna nuna ko jiki na amfana da bitamin ɗin, sai dai ciwon ƙoda na ɗaga su, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yi ba. A rubuta ranar allurar ƙarshe da ranar da kowace alama ta fara. Idan ba a daidaita da likita ba, a nemi takardar turawa zuwa likitan jini. Sabon mutuwar ƙafa, faɗuwa, ruɗewa ko dushewar gani ba sa jiran ranar da aka ba mutum ya dawo.

Idan an koma allura bayan dogon tsaiko kuma alamu sun bayyana, galibi ana sake zagayen farko ne. Ɓargo kan amsa cikin mako guda, jini ya daidaita wajen mako takwas, jijiyoyi kuwa sukan ɗauki wata uku zuwa shekara.

Ƙwaya a madadin allura

Kimanin kashi 1 cikin 100 na abin da aka haɗiya yana ratsa hanji ko babu ɗan rakiya. Saboda haka ƙwayar maikirogiram 1000 zuwa 2000 a kullum kan ba da 10 zuwa 20, wanda ya fi buƙatar yini. Ƙwayar 50 zuwa 150 ta masu ƙarancin abinci ce kawai, haka ƙwayoyin haɗin bitamin na kasuwa. Sharaɗin shi ne a sha kullum, a sake duba mutum bayan wata biyu zuwa uku, a koma allura idan alamu sun dawo. Nazarin 2018 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken likitoci, ya sami gwaji uku ne kacal, da mutum 153, ya ce hujjar ba ta da ƙarfi. Masana sun rabu: wasu na ganin ƙwaya ta isa, NICE ta fifita allura ga masu fanishos anemiya.

A Legas

Akwai sashen cututtukan jini a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja. Amma a unguwannin Hausawa irin su Agege, Mile 12 da Alaba Rago, kemis ne wurin farko da ake nufa a nemi "allurar ƙarin jini". Abin da ake samu sau da yawa bi-kwamfiles ne, wato haɗin bitamin B iri-iri, wanda B12 ɗin cikinsa kaɗan ne ko ma babu. Haɗin B1, B6 da B12 kuma yana da tasa illar, domin yawan B6 na tsawon lokaci shi kansa yana kashe jijiyar ƙafa. A duba suna, da ƙarfin miligiram 1, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa. A bar kwalbar cikin kwalinta, haske na lalata ta, a kuma nisanta ta da zafin rana.

Ma'aikacin jinya ne ya kamata ya yi allurar, da sabon sirinji kowane karo, a dantse, ko gefen cinya, ko saman ɗuwawu ta waje. Idan aka yi ƙasa ko tsakiya ana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa.

Ruwan ugu da madara da maltina, da zogale, da alayyahu, duk ana shan su don jini, amma ganye ba shi da B12. Hanta da kifin titus suna da shi sosai, sai dai ba sa wadatar da wanda hanjinsa ba ya tsotsa. Iskar dariya da ake shaƙa a balan-balan a wuraren casu tana kashe aikin bitamin ɗin kai tsaye; hukumar NDLEA ta ba da umarnin farautar masu sayar da ita a 2023.

Azumi

Malamai da dama na ganin allurar tsoka ba ta karya azumi, wasu sun yi saɓani kan ta bitamin. Ana iya yin ta bayan buɗa-baki, ƙwaya kuma a sha da sahur.