Ba Kowane Jini A Bayan Gida Ne Basir Ba

A 'yan watannin nan na karɓi mutane da dama a ɗakin duba marasa lafiya waɗanda labarinsu kusan iri ɗaya ne, har ta kai tun kafin mutum ya gama bayani na san inda zancen zai ƙare. Sun daɗe suna ganin jini a bayan gida, sun yanke wa kansu hukunci cewa basir ne, sun yi ta shan magani, sai da jiki ya ƙi sannan aka kawo su. Ina roƙon a yi mini haƙuri idan harshena ya ɗan yi kaifi a wannan rubutu, domin abin ya ishe ni.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani dattijo ne mai shekara 54, wanda ɗansa ya rako. Ya ajiye leda a kan teburina, cikinta akwai kwalabe da ƙunshe-ƙunshe na maganin basir har kala bakwai, wasu ma babu ko suna a jikinsu. Na lura ya ƙara wa bel ɗinsa huda biyu saboda rama. Na ce, "Baba, tun yaushe ake ganin jinin nan?" Ya ce, "Likita, ai ya fi shekara, amma basir ne kawai, mahaifina ma ya yi fama da shi." Na tambaye shi wanda ya duba ya tabbatar masa da haka, sai ya yi shiru ya dubi ɗansa. Babu wanda ya taɓa dubawa. Da aka leƙa hanjinsa sai aka tarar da sankara, kuma hoto ya nuna ta riga ta kai hanta.

Ba zan cika ku da bayanin kimiyya ba, amma akwai abu ɗaya da nake so ku riƙe, domin shi ne dalilin da ya sa jira yake da haɗari. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai DNA, wanda ke ɗauke da umarnin da ƙwaya ke bi, kuma wasu daga cikin umarnin aikinsu tsaro ne: su taka wa ƙwaya birki idan ta fara hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba, ko su gyara kuskure idan ya auku. A sankarar hanji sau da yawa umarnin nan suna nan ba a goge su ba, sai dai wani ɗan sinadari da ake kira metil yakan liƙe a mafarinsu ya rufe musu baki, kamar littafin da aka rufe aka ɗana wa kwaɗo, rubutun yana ciki lafiya lau amma babu mai iya karantawa. Ɗaya daga cikin waɗanda ake rufewa haka shi ne MLH1, mai gyaran kurakuran da ake samu lokacin da ƙwaya ke kwafar DNA ɗinta. Kimanin kashi 15 cikin 100 na sankarar babban hanji suna da wannan matsala ta rashin gyaran kuskure, kuma a mafi yawansu rufe MLH1 da metil ne sanadi. Irin wannan liƙewa tana ƙaruwa yayin da mutum ke manyanta.

Duk wannan yana faruwa ne ba tare da ciwo ko zazzaɓi ba. Yawanci abin yakan fara da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda zai iya ɗaukar shekara 10 ko fiye kafin ya rikiɗe ya zama sankara, kuma idan aka gan shi a wannan mataki ana iya cire shi a lokacin gwajin leƙa hanji da kyamara ba tare da an tsaga ciki ba. Saboda haka ranar da ka ga jini, mai yiwuwa wannan ce sanarwa ta farko da hanjinka ya iya aiko maka bayan shekaru yana shiru. To yaya za a yi ka karɓi wannan sanarwa ka raɗa mata suna da kanka, ka nufi wurin mai sayar da magani? Wane maganin basir ne zai cire tsiro daga cikin hanji?

Ba na musun cewa akwai basir, kuma gaskiya ne shi ne ya fi yawan jawo jini a bayan gida. Amma jinin basir da jinin sankara suna iya kama da juna, kuma mutum ɗaya yana iya ɗauke da duka biyun a lokaci guda. Wani abin da ke ƙara yaudarar mutane shi ne jinin sankara yakan zo ya ɗauke, sai mai shan magani ya ga kwana biyu babu jini ya ce magani ya yi aiki, har ya yi wa maƙwabcinsa kwatancen inda zai saya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an samu sabbin masu wannan cuta fiye da miliyan 1.9, kuma ta kashe mutane fiye da 930,000, wanda ya sa ita ce ta biyu wajen kisa a cikin cututtukan sankara. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan aka gano ta tana nan a hanji ba ta bazu ba, kimanin mutum 90 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar, amma idan ta kai gaɓoɓi masu nisa kamar hanta ko huhu, adadin ba ya kai 20. Watannin da ake ɓatawa ana shan maganin basir su ne sukan ɗauke mutum daga rukuni na farko su kai shi na biyu.

Na san kunya ce take hana da yawa daga cikinku zuwa, domin ba kowa ke son a duba masa dubura ba, kuma ban ga laifinku ba da kuka ji nauyi. Amma dubawar ba ta wuce 'yan mintoci, ana yin ta a keɓe, kuma kana da damar neman ma'aikaci namiji ko mace gwargwadon wanda hankalinka ya fi kwantawa da shi. Mu da muke wannan aiki kullum babu abin da za mu gani wanda ba mu saba gani ba.

Wasu sukan tambaye ni game da sabbin gwaje-gwajen da ke gano alamun metil ɗin nan. Suna nan: hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na bayan gida a 2014, da na jini mai duba metil a kan wani umarni da ake kira SEPT9 a 2016. Sai dai an yi su ne domin tantance waɗanda ba su da wata alama, kuma ko sun nuna wani abu dole a leƙa hanji da kyamara kafin a tabbatar. Wanda ya riga ya ga jini kada ya tsaya neman su, asibiti zai nufa kai tsaye.

A taƙaice, ku zo a duba ku idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan:

- jini a bayan gida, ja ne ko baƙi, ko da sau ɗaya ne;
- gudawa ko taurin bayan gida da ya ƙi wucewa tsawon makonni;
- rama ba dalili, kasala, ko an ce kana da ƙarancin jini;
- ciwon ciki mai dawowa, ko jin bayan gida bai gama fita ba.

Wanda ya kai shekara 45 zuwa 50 ya tambayi likita game da gwajin tantancewa ko da yana jin lafiyarsa ƙalau, wanda kuma iyayensa ko 'yan uwansa na jini suka yi wannan cuta ya faɗa tun da wuri, domin shi ana fara duba shi kafin wannan shekaru. Idan za ku zo, ku tuna watan da jinin ya fara da kalarsa, kuma ku taho da duk magungunan da kuka sha, har da waɗanda babu suna a jikinsu.