Ma'anar "Thoroughbred", Dokin da Aka Gina Filin Churchill Downs Dominsa

Duk wanda ke bin labarin sukuwar dawaki ta ƙasashen waje ya sha cin karo da kalmar "Thoroughbred". Da yawa daga cikinmu mun ɗauke ta a matsayin kirari, wato duk wani ingarma mai kyan ƙira da zafin gudu. Ba haka ba ne. Suna ne na wani jinsin doki guda ɗaya tak, kuma kyau ko gudu ba sa shigar da doki cikinsa. Abin da ke shigar da shi rajista ce. Sai an samu sunan ubansa da na uwarsa a cikin littafin asali, su ma an samu na iyayensu, har a dangana da dawakin farko da aka soma rubutawa a Ingila. Kamar dai gidan sarauta ne, komai ƙasaitarka idan ba a haife ka a ciki ba, kai baƙo ne.

Littafin nan wani mutum mai suna James Weatherby ne ya fara fitar da shi a 1791, kuma har yau danginsa ke riƙe da shi. Idan aka bi salsalar kowane dokin wannan jinsi ta wajen uba, za a tarar ta tuƙe ga ɗaya daga cikin ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen Gabas. Na farko shi ne Byerley Turk, wanda wani hafsan soja ya riƙa hawa a fagen yaƙi a ƙarshen ƙarni na 17. Na biyu Darley Arabian, wanda Thomas Darley ya saya a birnin Halab na Siriya ya aika gida a 1704. Na uku Godolphin Arabian, wanda ya biyo ta Faransa ya isa Ingila wajen 1729. Turawa suka haɗa su da goɗiyoyinsu na gida, suka yi ta zaɓen mafi gudu suna sake haɗawa, har aka samu doki dogo, siririn ƙafa, mai faɗin ƙirji, mai nauyin kilo 500 ko kusa da haka, wanda ke iya zura gudun kilomita 60 a awa. Jinin Darley ne ya fi rinjaye. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na dawakin wannan jinsi a yau daga tsatsonsa suka fito ta wajen uba, galibi ta hanyar wani jikan jikansa mai suna Eclipse da aka haifa a 1764, wanda ba a taɓa cin sa a tsere ba.

Dokokin rajistar suna da tsauri. Dole ingarma ya yi barbara da goɗiya kai tsaye, ba a karɓar duƙushin da aka samu ta hanyar ɗura maniyyi da na'ura, duk da cewa masu kiwon wasu jinsunan sun daɗe da amincewa da hakan. Shi ya sa hayar fitaccen ingarma don barbara ɗaya kan kai dubban ɗaruruwan daloli. Sannan a arewacin duniya, kowane doki ana ƙara masa shekara ne ranar 1 ga Janairu, ko da a watan Mayu aka haife shi. Wannan ƙa'ida ƙarama ce a ido, amma ita ke sa masu kiwo su yi ta lissafin yadda goɗiya za ta haihu a farkon shekara, domin duƙushin Fabrairu ya fi na Mayu ƙwari idan aka jera su a layi suna 'yan shekara biyu.

To, jinsin da aka ƙirƙira don gudu dole ya samu wurin gwaji. A Ingila wurin shi ne Epsom, inda aka fara tseren Derby a 1780, aka sa masa sunan wani basaraken ƙasar mai riƙe da sarautar Derby. Masu kallon ƙwallo sun san kalmar a wasan hamayya tsakanin ƙungiyoyin gari ɗaya, amma a duniyar dawaki tana nufin babban tseren 'yan shekara uku. Doki sau ɗaya yake cika shekara uku, saboda haka sau ɗaya yake samun wannan dama a rayuwarsa. A Amurka kuwa, wurin gwajin shi ne Churchill Downs da ke birnin Louisville a jihar Kentucky.

Wanda ya kafa shi, Meriwether Lewis Clark ƙarami, jika ne ga William Clark, shahararren matafiyin nan da ya ratsa yammacin Amurka. A 1872 ya yi balaguro zuwa Ingila da Faransa, ya ga yadda ake sukuwa a Epsom da Paris, ya dawo da niyyar yin irinta a garinsu. Kawunnansa biyu, John da Henry Churchill, suka ba shi hayar fili mai eka 80, kuma daga sunansu filin ya samo nasa. Aka buɗe ranar 17 ga Mayu, 1875, a gaban mutane kimanin 10,000, kuma a ranar aka yi tseren Kentucky Derby na farko.

A nan akwai abin da nake ganin bai kamata a tsallake ba, domin hotunan da ake yaɗawa a yau na attajirai da manyan huluna sun rufe shi. Dawakai 15 ne suka yi tseren farko, kuma 13 daga cikin mahayansu baƙaƙen fata ne. Wanda ya ci, Oliver Lewis, matashi ne, a kan wani jan doki mai suna Aristides. Wanda ya horar da dokin, Ansel Williamson, a cikin bauta aka haife shi, ya koyi aikin ne yana bawa a bargar iyayengiji. Ba abin mamaki ba ne, tunda a kudancin Amurka bayi ne ke kwana da dawakai, su ne ke ba su abinci, su wanke su, su san tarinsu da ɗingishinsu. Da aka 'yanta su sai ya zama babu wanda ya kai su sanin doki. A cikin tseren Derby 28 na farko, baƙaƙen mahaya sun ci 15. Isaac Murphy shi kaɗai ya ci uku, a 1884 da 1890 da 1891. Jimmy Winkfield ya ci a 1901 da 1902 a jere. Da harkar ta fara kawo kuɗi sosai, sai wariyar launin fata ta kore su. Fararen mahaya suka riƙa matse su a jikin shinge ana cikin gudu, masu dawakai suka daina ɗaukarsu don gudun asara. Winkfield ya tattara ya koma Rasha, daga baya Faransa, inda ya yi suna ya yi arziki. Tun daga 1902 har yau, babu wani Ba'amurke baƙar fata da ya sake hawa dokin da ya ci wannan tsere. Abin na da ciwo, ganin cewa da hannunsu aka ɗora tubalin wurin.

Shekarun farko filin bai kawo riba ba. A 1895 aka gina sabon dandamalin 'yan kallo mai tagwayen hasumiyoyi masu tsini a kan rufinsa, zanen wani matashi ɗan shekara 24 mai suna Joseph Baldez. Don ado kawai ya sa su, sai ga shi sun zama tambarin wurin, har yanzu duk ginin da za a ƙara sai an kauce musu. A 1896 aka rage tsawon tseren daga mil ɗaya da rabi zuwa mil ɗaya da kwata, wato kilomita biyu da 'yan mitoci, saboda an ga nisan farko ya yi wa 'yan shekara uku yawa a farkon kakar. Mutumin da ya ceto filin daga rufewa shi ne Matt Winn, wani mai sana'ar ɗinki da ya shigo cikin masu gudanarwa a 1902. Yana ɗan shekara 13 ya kalli tseren farko a tsaye a kan keken dokin mahaifinsa, kuma bai fasa ko ɗaya ba har rasuwarsa a 1949. Shi ne ya yi ta zawarcin 'yan jarida da masu manyan dawakai na birnin New York har tseren ya zama abin da dukan ƙasar ke jira ranar Asabar ta farko a watan Mayu.

Tseren kansa minti biyu ne da 'yan daƙiƙoƙi. Ba a wuce dawakai 20. Kowane namiji yana ɗaukar kilo 57, mahayi da sirdi duka a ciki, goɗiya kuma a rage mata kaɗan. Goɗiyoyi uku ne kacal suka taɓa ci, a 1915 da 1980 da 1988. Gudun da ba a karya ba har yau na wani doki ne mai suna Secretariat, wanda a 1973 ya kammala cikin minti ɗaya da daƙiƙa 59 da ɗigo 4. Abin da ya fi burge masana a gudun nasa, kowane kwatan mil ya fi na bayansa sauri, alhali doki yakan fara sanyi ne idan ya doshi ƙarshe. Wanda ya ci ana yafa masa bargon furen wardi ja sama da 400. A 2024, da aka yi karo na 150, kuɗin gasar ya kai dala miliyan 5, mai dokin da ya zo na ɗaya ya kwashi miliyan 3.1. A 2025 doki mai suna Sovereignty ya ci, mallakin bargar Godolphin ta Sarkin Dubai, Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum, wadda ta ɗauki sunanta daga wancan ingarma na uku.

Baƙon da ya je wurin, abin da zai fara tararwa a ƙofa shi ne mutum-mutumin tagulla na doki yana cikin gudu, ƙafafunsa huɗu duk a sama. Barbaro ke nan, wanda ya ci Derby a 2006, bayan mako biyu ƙafarsa ta baya ta karye a wani tseren, aka yi ta jinya wata takwas kafin a haƙura a kawo ƙarshen wahalarsa. Tokarsa na binne a ƙarƙashin gunkin. Gefensa gidan tarihin Derby ne da aka buɗe a 1985, mai hawa biyu, inda ake nuna kofuna da sirada da rigunan mahaya masu launi-launi, ga ɗakin majigi da allonsa ya zagaye mai kallo ta ko'ina. Daga nan ake ɗibar baƙi a zagaya da su cikin filin. Akwai da'irar da ake ɗaura wa dawakai sirdi a zagaya da su kafin a fita, wadda aka sake ginawa a kan dala miliyan 200 aka buɗe a 2024. Ni a ganina nan ne wurin tsayawa. Kana iya ganin jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a wuyan doki, gumi ya yi kumfa a tsakanin cinyoyinsa, ɗan barga na riƙe da linzami yana yi masa magana ƙasa-ƙasa don ya kwantar da hankali, mahayin kuma ɗan firit, a jefa shi kan sirdin da bai fi tafin hannu biyu ba.

Wuraren zama iri-iri ne, gwargwadon aljihu. A sama akwai ɗakunan alfarma masu sanyi da abinci, inda Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta kalli tseren 2007. A ƙasa akwai kujeru da benci. Talaka kuwa tsakiyar da'irar tseren yake shiga ta hanyar ƙarƙashin ƙasa, ya shimfiɗa abin zama a kan ciyawa. Daga can da ƙyar ake hango dawakan, shi ya sa a 2014 aka kafa ƙaton allon talabijin mai faɗin mita 52 da tsayin mita 27. Taro mafi girma shi ne na 2015, mutum 170,513.

Ya kamata mai karatu ya san cewa caca ce ke riƙe da wurin. Tun 1908 aka girka na'urorin karɓar kuɗin caca, kuma a yau ko'ina ka juya taga ce ta saka kuɗi. Abin shan da aka san bikin da shi ma giya ce da ake haɗawa da na'ana'a da ƙanƙara. Musulmin da son doki ya kai shi yana iya kallonsa ya fito bai taɓa ko ɗaya ba, amma kada ya zaci irin sukuwarmu ce ta filin sukuwa na Kano ko ta bayan hawan Sallah, inda doki da mahayinsa ne abin kallo. Kuma nauyin kuɗin nan a kan ƙafar doki yake sauka. Ƙwaurin da aka siranta don gudu ba ya jure komai. A 2022 aka ƙwace nasarar da doki mai suna Medina Spirit ya samu a Derby na 2021, saboda an samu maganin da aka hana a jininsa ranar tsere. A bazarar 2023 dawakai 12 suka mutu a filin cikin 'yan makonni, har hukumar wurin ta dakatar da tsere ta mayar da sauran kakar zuwa wani fili mai suna Ellis Park don a binciki abin da ke faruwa.

Bayan da'irar tseren, can nesa da hasumiyoyin, akwai unguwar barga mai ɗaukar dawakai sama da dubu, da ɗakunan kwanan ma'aikata da wurin ibada da makarantar koyon Turanci, domin yawancin masu aikin yanzu 'yan ƙasashen Latin Amurka ne irin su Guwatamala da Meziko. Tun kafin asuba suke tashi su share turke, su naɗe ƙafafun dawakai, su fito da su motsa jiki. Gidan tarihin yana shirya ziyarar safe zuwa wannan ɓangare a lokacin da dawakai ke wurin, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na tikitin ranar Derby ba.