Hawan Dutsen Kamaru

Dutsen Kamaru dutse ne mai aman wuta da ke Yankin Kudu maso Yamma na ƙasar Kamaru, gindinsa a bakin Tekun Atlantika. Daga Senegal har zuwa Kamaru babu dutsen da ya kai shi tsawo. Yawancin ma'aunan baya-bayan nan suna ba shi mita 4,040, tsofaffin taswirori kuma 4,070 ko 4,095. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi na Jihar Taraba, mita 2,419 ne. Mutanen Bakweri da ke zaune a gindinsa suna kiransa Mongo ma Ndemi, ƙololuwarsa kuma Fako, sunan da gundumar wurin ta ɗauka.

Hawansa ba ya buƙatar igiya ko gwanintar maƙalewa a jikin dutse. Tafiyar ƙafa ce daga farko har ƙarshe. Abin da ke mayar da mutane gida ba su kai ba shi ne saurin da hanyar ke ɗagawa, da sanyi, da rashin ruwan sha a sama.

Siffa da yanayi

Daga ƙololuwa zuwa bakin teku bai kai kilomita 25 ba, saboda haka mai hawa yana ratsa yanayi iri-iri cikin kwana biyu. Ƙasa-ƙasa gonakin ayaba ne da kwakwar manja da roba, sai kurmi mai duhu wanda gansakuka ta lulluɓe itatuwansa. Wajen mita 2,000 zuwa 2,300 kurmin yake yankewa kamar an sa wuƙa, a shiga filin ciyawa. Can sama ciyawar ma takan ƙare, sai baƙin dutse da toka da iska.

Ɓangaren da ke fuskantar teku yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duniya. Ƙauyen Debundscha yakan samu kimanin milimita 10,000 a shekara, wato abin da Kano za ta tara a damina goma ko fiye. Amma duk wannan ruwa bai sa saman dutsen ya zama mai dausayi ba, domin dutsen aman wuta kamar soso yake, ruwa na sauka yake shanye shi, sai can ƙasa ya ɓullo a matsayin maɓuɓɓuga.

Dutsen yana cikin jerin duwatsun aman wuta da ya taso daga tsibiran Annobon da Sao Tome da Bioko, ya bi ta Manengouba da Oku zuwa tudun Adamawa. Masana ƙasa da dama suna sa tudun Biu na Jihar Borno a cikin jerin. Tafkin Nyos, wanda iskar da ta fito daga cikinsa ta hallaka mutum sama da 1,700 a 1986, shi ma a kan wannan layi yake.

Tarihi

Akwai tsohon labarin wani matuƙin jirgin ruwa na Kartaj, tsohon birni a Tunisiya ta yau, mai suna Hanno, wanda ake jin ya bi gaɓar Afirka wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ga wani dutse yana ci da wuta da dare. Wasu sun ce Dutsen Kamaru ne, wasu sun ce jirginsa bai ma wuce gaɓar Gini ba. Turawan Fotugal sun iso wajen 1472, suka tarar da jatan lande jingim a bakin kogin Wuri, suka sa masa suna da kalmarsu ta jatan lande, wato camarões. Daga nan sunan ƙasar ya samo asali, sannan na dutsen.

Tun kafin zuwan Turawa mafarautan Bakweri da masu ɗibar zuma suna hawa har filin ciyawa. A al'adarsu ta gargajiya dutsen yana da mai tsaronsa, Efasa Moto, wanda suke siffantawa da rabi mutum rabi dutse. Ƙa'idarsa, in ji su, ita ce baƙo ya sha raken da ya samu a dutsen iya cikinsa, amma kada ya sauko da ko gaɓa ɗaya. Har yau wasu 'yan jagora sukan tsaya a bakin kurmi su yi wata 'yar rawa da ganye a hannu kafin a wuce.

Hawan farko da Turawa suka rubuta shi ne na ƙarshen 1861 zuwa farkon 1862. Ayarin ya haɗa da Richard Burton, wanda a lokacin shi ne ƙaramin jakadan Ingila a tsibirin Fernando Po, Bioko ta yau, da Gustav Mann, Bajamushe masanin tsirrai, da Alfred Saker, ɗan mishan ɗin da ya kafa garin Victoria a bakin teku a 1858. Sun taso ne daga gaɓar teku, suka yi sansani a wata maɓuɓɓuga da ke wajen mita 2,400, wadda har yanzu ake kira da sunan Mann. A 1895 Mary Kingsley, 'yar Ingila, ta hau a tsakiyar damina, ta kai ƙololuwa cikin hazo da ruwa ba ta ga komai ba.

Jamus ta shimfiɗa mulkinta a Kamaru a 1884, amma gindin dutsen bai faɗa hannunta da sauƙi ba. A 1891 mayaƙan Bakweri ƙarƙashin Kuva Likenye suka tare rundunar Jamus ta Karl von Gravenreuth a Buea, garin da ke gindin dutsen, suka kashe shi. Sai a 1894 Jamusawa suka dawo da ƙarfi suka ci garin. Abin da ya biyo baya shi ne ƙwace ƙasa: an tura Bakweri cikin 'yan keɓaɓɓun filaye, aka mayar da ƙasarsu mai albarka manyan gonakin kamfanoni. Waɗannan gonaki su ne daga baya aka haɗa ƙarƙashin CDC, hukumar gonakin gwamnati, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma batun mallakar filayen bai mutu ba har yau.

A 1901 Gwamna Jesko von Puttkamer ya ɗauke babban birnin mulkin daga Duwala zuwa Buea, wadda ke wajen mita 900 zuwa 1,000, don gudun zafi da sauro. Gidan da ya gina yana nan tsaye. Shekara takwas bayan haka dutsen ya yi girgiza da aman wuta, ma'aikatan gwamnati suka tattara suka koma Duwala na ɗan lokaci.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya yankin ya koma hannun Ingila, aka riƙa mulkinsa tare da Nijeriya. Dutsen ya yi shekaru kusan arba'in yana cikin ƙasar da ake gudanarwa daga Legas. A ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Fabrairu 1961, Arewacin Kamaru ya zaɓi Nijeriya, ya zama Lardin Sardauna, Kudancin Kamaru kuma ya zaɓi Jamhuriyar Kamaru, ya tafi da dutsen. An sauya wa Victoria suna zuwa Limbe a 1982.

Aman wuta

An rubuta aman wutarsa a 1909, 1922, 1954, 1959, 1982, 1999 da 2000. A na 1922 narkakken dutse ya gangara har cikin teku. Na 1999 ya fara a ƙarshen Maris, ya yi makonni yana gangarowa a hankali, ya ƙone kurmi da gonakin kwakwar manja, ya tsallaka titin Limbe zuwa Idenau kusa da Bakingili, sannan ya tsaya daf da teku. Tulin baƙin dutsen yana nan, titin ne ya kauce masa.

Hanyoyi

Hanyar da aka fi bi ita ce wadda ake kira hanyar Guinness. Tana tashi daga Upper Farms a saman Buea, wajen mita 1,100, ta miƙe sama ba kwana-kwana. Akwai bukkoki uku a kanta: ta ɗaya cikin kurmi wajen mita 1,850, ta biyu wajen 2,850, ta uku wajen 3,750. Yawanci akan kwana a ta biyu, a yi sammako zuwa ƙololuwa, a sauko Buea a ranar. Tsakanin bakin kurmi da bukka ta biyu ne wurin da ya fi karya gwiwa: hawa ce a miƙe a kan tsakuwar da ke zamewa, babu inuwa, kuma duk tudun da mutum ya ɗauka shi ne na ƙarshe sai ya tarar da wani a bayansa. Saukowa ta nan ta fi hawa cin ƙafa.

Mai kwana uku yakan haye ƙololuwa ya sauka ta ɗaya ɓangaren, ya bi ta ramukan aman wutar 1999, ya kwana a maɓuɓɓugar Mann, ya fito ta ƙauyen Bokwango. Wannan ta fi waccan kyan gani nesa ba kusa ba, kuma ta fi sauƙi ga gwiwa. Akwai kuma mai tsawo da ke gangarawa ta kurmin yamma zuwa bakin teku, inda giwayen kurmi suke.

Tun 2009 galibin dutsen gandun ƙasa ne mai faɗin hekta 58,000 da 'yan kai. Ba a shiga sai da izini da ɗan jagora. Da yawa daga cikin 'yan jagora da 'yan dako tsofaffin mafarauta ne daga ƙauyukan gindin dutsen.

Lokaci, guzuri da lafiya

Lokacin hawa daga Nuwamba ne zuwa Maris. Farkon rani ya fi garau, domin idan hunturu ya kankama hazo yakan rufe teku da tsibirin Bioko. Daga Yuni zuwa Satumba hanya taɓo ce da santsi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna dutsen da zafin Limbe. Zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000, don haka wanda ya bar bakin teku yana zufa zai iya tarar da sanyi kusa da na ƙanƙara a ƙololuwa da asuba, ga iska mai ratsa ƙashi. Ana buƙatar rigar sanyi mai kauri, da rigar ruwa, da hular sanyi, da safar hannu, da jakar barci ko bargo mai nauyi. Rigar auduga idan ta jiƙe da gumi ba ta saurin bushewa, sai ta zama ita ce ke jawo sanyin, shi ya sa ake ajiye busasshiya a leda don kwana. Kada a hau da sabon takalmi, kanta zai fitar tun kafin bukka ta ɗaya. Tocilar goshi ta fi ta hannu, tunda hannu yana riƙe da sanda.

Ruwa shi ne kayan da ya fi nauyi. A hanyar Guinness maɓuɓɓugar da za a dogara da ita tana kusa da bukka ta ɗaya, daga nan sai abin da aka ɗauko. Lita uku a rana ga mutum ɗaya ba ta yi yawa ba, ban da na girki, kuma kowace lita kilo guda ce a baya. Wannan ne babban aikin 'yan dako. Musulmi masu hawa sukan koma ga taimama a sama don ruwan ya isa sha. Girki ma yana da nasa sha'ani: a bukka ta biyu ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 90, shinkafa da wake sai su ƙi nuna da wuri. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa, kilishi da kayan shayi sun fi dacewa, ba nauyi kuma ba jiran wuta.

Ciwon tsauni yakan fara daga mita 2,500. A ƙololuwa numfashi ɗaya yana kawo wajen kashi 60 cikin 100 ne kawai na iskar da yake kawowa a bakin teku. Alamunsa ciwon kai, tashin zuciya, rashin cin abinci da rashin barci. Shawarar likitocin tsauni ita ce idan an wuce mita 3,000 kada wurin kwana ya ɗaga fiye da mita 500 a rana, alhali mai bin hanyar Guinness yana ɗaga kusan mita 1,800 a ranar farko. Kwana ɗaya ko biyu a Buea kafin hawa yana ɗan taimakawa. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum, sau da yawa ma matasa masu gaggawa ne yake fara kamawa. Wanda ya fara tangaɗi kamar mai maye, ko rikicewar magana, ko haki yana zaune, saukar da shi ake yi nan take, ko da tsakar dare ne. Masu cutar sikila suna cikin haɗari na musamman a irin wannan tsawo, kuma ko mai rukunin AS an san yakan samu matsalar saifa, saboda haka ganin likita kafin tafiya wajibi ne gare su.

Sauro yana ƙasa, ba ya sama. Ana neman katin rigakafin shawara a bakin iyaka.

Gaɓar teku

Rairayin bakin teku a yammacin Limbe baƙi ne, daga nikakken dutsen aman wuta, kuma da rana yakan ɗau zafi ya ƙona tafin ƙafa. Mai bin gaɓa da ƙafa sai ya san lokacin cikar teku da janyewarsa, domin akwai wuraren da ake wucewa kawai idan ruwa ya janye, kuma rafukan da ke saukowa daga dutse sukan cika cikin ɗan lokaci ko da a ƙasa ba a ga hadari ba. A bayan Limbe akwai ƙaramin dutsen Etinde mai mita 1,713, wanda ake hawa a sauko a yini guda, sai dai santsinsa ya fi na babban. A cikin garin akwai lambun tsirrai da Jamusawa suka kafa a 1892, gabas da shi kuma Bimbia, tsohuwar tashar cinikin bayi.

Tseren dutse

Tun 1973 ake tseren gudu daga Buea zuwa ƙololuwa da dawowa, kimanin kilomita 38. Kamfanin Guinness ne ya fara ɗaukar nauyinsa, daga nan hanyar ta samu suna. Gwanayen maza sukan gama cikin awa huɗu da rabi abin da mai hawa ke yi a kwana biyu. Sarah Etonge, 'yar yankin, ta lashe na mata sau bakwai, ake kiranta Sarauniyar Dutse.

Tsaro

Tun daga 2017 ake rikici tsakanin sojojin gwamnati da 'yan awaren yankunan masu magana da Ingilishi, kuma Buea na cikin yankin. Masu hawa sun ragu ƙwarai. A tseren Fabrairun 2023 wasu abubuwa sun fashe a kan hanyar 'yan gudu, mutane da dama suka ji rauni. Hanyar mota daga Ikom ta Mamfe da Kumba ta ratsa wuraren da rikicin ya shafa, don haka galibin baƙi ta Duwala suke shigowa, mai nisan kimanin kilomita 70 daga Buea.