Tallafin takin zamani

Tallafin takin zamani manufa ce da gwamnati ke ɗaukar wani kaso na kuɗin taki a wuyanta domin manomi ya same shi ƙasa da farashin kasuwa. Yakan zo ta hanyoyi uku. Ko dai gwamnati ta sayo takin ta raba da kanta, ko ta biya masana'antu da masu shigo da kaya su sayar a farashin da ta ƙayyade, ko kuma ta ba zaɓaɓɓun manoma takardar rangwame su kai wa dillali. A ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, babu abin da ya kai shi cin kuɗi a kasafin ma'aikatar gona.

Lissafin da aka gina shi a kai

Lambobi ukun da ake gani a jikin buhu suna nuna kason naitirojin da fosfat da fotash cikin ɗari. Buhun NPK 15:15:15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na kowannensu. Yuriya kuwa kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, wato kilo 23 a buhu. Da wannan ma'auni ake auna ribar taki, da kilon sinadari, domin buhu da buhu ba ɗaya ba ne.

Masana tattalin arzikin noma suna raba darajar ƙarin amfanin da taki ya kawo da kuɗin takin. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce sai sakamakon ya kai 2 kafin ƙaramin manomi mai dogaro da ruwan sama ya yarda ya zuba kuɗinsa, saboda damina ba ta da tabbas. A ce kilo ɗaya na naitirojin yana cin kuɗin kilo 6 na masara. Idan ya ƙara wa gona kilo 15, sakamakon 2.5 ne, manomi zai saya ko ba tallafi. Idan ƙasar ta gaji har ƙarin bai wuce kilo 8 ba, sakamakon ya sauka zuwa 1.3, kuma ba zai saya ba. Rangwamen rabin kuɗi yana ɗaga wannan adadi zuwa wajen 2.7 a aljihun manomi, amma ƙarin masarar yana nan a kilo 8, sauran kuɗin baitulmali ne ya biya.

Tsadar takin kanta daga nesa take tasowa. Da iskar gas ake yin yuriya, don haka farashinsu tare yake tafiya. Mafi yawan ajiyar dutsen fosfat na duniya yana hannun Maroko, fotash kuma Kanada da Rasha da Belarus ne manyan masu fitar da shi. Ƙasar da ba ta da gaɓar teku tana biyan ƙarin kuɗin mota mai nauyi a kan kowane tan.

Tarihi

Fritz Haber ya nuna hanyar haɗa amoniya, sinadarin da ake yin takin naitirojin da shi, daga iska a 1909, kuma a 1913 kamfanin BASF ya buɗe masana'anta ta farko a Oppau da ke Jamus ƙarƙashin jagorancin Carl Bosch. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu taki ya yawaita. Tallafi ya zama babbar manufa a shekarun 1960, lokacin da aka fito da irin alkama da shinkafa masu gajeren kara, irin su shinkafar IR8 ta 1966, waɗanda ke shan taki mai yawa ba su kwanta ba. Gwamnatocin Asiya sun haɗa iri da ban ruwa da taki mai rahusa da farashin sayen amfanin gona. Indiya ta fara tsarin biyan masana'antu giɓin da ke tsakanin kuɗin sarrafawa da farashin gwamnati a 1977.

A Afirka, shekarun 1970 zamani ne na kamfanonin gwamnati masu shigo da taki su raba, sau da yawa bashi. Najeriya ta mayar da saye da rabon taki hannun gwamnatin tarayya a 1976. Daga shekarun 1980, sharuɗɗan gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka sa aka riƙa janye tallafin, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1990 yawancin ƙasashen sun soke shi ko sun rage shi ƙwarai. An yi tsammanin 'yan kasuwa za su cike gurbin. A wuraren da ake noman auduga ko taba ko shayi, inda akwai mai saye tabbatacce, hakan ta ɗan samu. A gonakin hatsi na karkara bai samu ba.

Malawi ce ta dawo da tallafi cikin muhawarar duniya. Ta fara da raba ƙananan ƙunshi na iri da taki kyauta a 1998. Bayan mummunar kakar 2004/05, gwamnatin Bingu wa Mutharika ta kafa babban shiri a 2005/06, duk da ɗari-ɗarin masu ba da agaji. A lokacin, gidan da aka zaɓa yakan karɓi takardu na buhun NPK ɗaya da na yuriya ɗaya da irin masara, abin da zai ishi kusan eka guda. Noman masara ya ƙaru, ko da yake ana jayayya kan girman ƙarin da alƙaluman hukuma suka nuna, da kuma rawar da damina mai kyau ta taka. Da farashin taki ya yi tashin gwauron zabi a duniya, shirin ya cinye kusan kashi 16 cikin ɗari na kasafin ƙasar a 2008/09.

A watan Yunin 2006 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da Sanarwar Abuja, wadda ta ɗauki burin ɗaga amfani da taki daga kusan kilo 8 na sinadari a hekta zuwa kilo 50 kafin 2015. Bisa yawancin ƙiyasi, matsakaicin ƙasashen kudu da Sahara bai kai rabin wannan ba har yau. Ghana da Tanzaniya sun fara shirye-shiryen takardar rangwame a wajajen 2008. Najeriya ta koma aika wa manoma saƙon tallafi ta wayar hannu a 2012, buhu biyu a rabin kuɗi. Taron Tarayyar Afirka da aka yi a Nairobi a watan Mayun 2024 ya ƙara batun lafiyar ƙasa a kan na taki.

Yadda ake tafiyar da shirin takardar rangwame

Ana farawa da rajistar manoma da girman gonakinsu, sannan a fitar da kwangilar sayo kaya. Daga ba da oda zuwa isar buhu ƙauye akan ɗauki watanni, saboda jirgin ruwa da tashar jiragen da haɗa sinadarai da dakon mota, don haka dole kuɗin gwamnati ya fita tun rani. Manomi yakan kai takardarsa ko lambar wayarsa wurin dillalin da aka amince da shi, ya biya nasa kaso, ya ɗauki buhu. Dillalin ya tattara shaidar sayarwa ya nemi cikon kuɗinsa daga gwamnati.

Inda yake lalacewa

Babbar cutar wannan manufa ita ce makara. Masara tana bukatar NPK lokacin shuka ko cikin sati biyu da tsirowa, saboda fosfat ba ya yawo a ƙasa kuma saiwa tana nemansa tun tana ƙarama. Yuriya ana sa ta tsakanin sati huɗu zuwa shida, a tona gefen shuka a rufe da ƙasa mai danshi. In aka watsa ta a sama cikin zafin rana, kaso mai yawa na naitirojin yakan tashi a iska. Takin da ya iso bayan masara ta yi fure ya riga ya rasa mafi yawan amfaninsa, kuma manomin da ya zauna jiran na gwamnati bai sayi na kasuwa ba ya yi asara biyu. Yawanci makarar daga jinkirin sakin kuɗi take, ko daga bashin bara da ba a biya dillalai ba, wanda ke sa bankuna su ƙi ba su rance.

Sai karkatarwa. Duk inda kaya ɗaya ke da farashi biyu, akwai mai neman cin giɓin: sunayen bogi a rajista, rabo bisa siyasa, sake zuba taki a wani buhu, fasa-ƙwauri zuwa maƙwabciyar ƙasa. Wani lokaci manomin da kansa yake sayar da takardarsa, domin tallafin kan zo ne a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya ƙare. A Indiya ana karkatar da yuriya mai rahusa zuwa masana'antu, shi ya sa a 2015 aka wajabta shafe ta da man darbejiya don ta daina yi musu amfani.

Akwai kuma maye gurbi. Idan tallafi ya faɗa hannun wanda da ma zai sayi taki, jimillar takin da ke shiga gona ba ta ƙaru ba. Wani nazari da aka buga a 2011 kan Malawi ya gano kowane kilo na tallafi yana rage sayen na kasuwa da kusan kilo 0.22, kuma ragin ya fi yawa a gidaje masu hali.

Matsalar da aka fi yin sakaci da ita ita ce ta ƙasar noma. Shiri na ƙasa baki ɗaya yakan raba nau'in taki guda ga gonaki mabambanta. A ƙasa mai tsami, wadda pH ɗinta, wato ma'aunin tsamin ƙasa, ya gaza 5.5, fosfat yakan ɗaure ya ƙi samuwa ga shuka sai an zuba farar ƙasa. A jigawa maras ruɓaɓɓen ciyayi, ruwa kan wanke naitirojin ya wuce saiwa, sai an haɗa da takin dabbobi. Ƙarancin zinki ko farar wuta kan hana sauran sinadarai aiki. Indiya ta sauya tsarin tallafin fosfat da fotash a 2010 ta bar yuriya a ƙayyadadden farashi, sai manoma suka yawaita yuriya fiye da kima, rabon da ake ba da shawara na 4:2:1 tsakanin naitirojin da fosfat da fotash ya karkace sosai a jihohi irin su Punjab.

Muhalli da dokokin kasuwanci

Inda taki ya yi yawa, rarar naitirojin tana gurɓata rijiyoyi da koguna. Dokar Tarayyar Turai ta 1991 ta taƙaita naitirojin na takin dabbobi zuwa kilo 170 a hekta a shekara a yankunan da ruwansu ke cikin haɗari. Sri Lanka ta hana shigo da takin zamani a Afrilun 2021, noman shinkafa da shayi ya faɗi, aka janye haramcin kafin ƙarshen shekarar. Yarjejeniyar noma ta Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya ta halatta wa ƙasashe masu tasowa tallafin kayan noma ga manoma marasa ƙarfi.

Saɓani

Masu goyon baya suna cewa sayen taki ya fi shigo da abinci sauƙi. Masu suka suna cewa kuɗin zai fi amfani a hanyoyin karkara da ban ruwa da binciken iri da malaman gona. Ƙasashe kaɗan ne suka iya rufe shirin a wa'adin da suka ɗiba masa.