Tiyon mai a motar da aka yi wa sauyi: abin da doka ke nema da yadda ake ɗaura shi

Doka ba ta hana mutum ya sauya wa motarsa inji ko ya mayar da ita mai aiki da gas ba. Abin da take nema shi ne motar ta ci gaba da zama mai lafiyar hawa titi bayan sauyin. A ƙarƙashin Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012, tuƙa mota mai naƙasu laifi ne, haka ma fita ba tare da abin kashe gobara ba. Jami'an VIO na jiha kuma su ne ke duba mota su ba ta takardar shaidar lafiya. Motar da ke ɗigar mai ko take warin fetur a ciki ba ta cika wannan sharaɗi ba, kuma in aka tare ta a hanyar Illela ko ta Gusau, direba za a rubuta wa takarda, ba bakaniken da ya yi aikin ba. Don haka dole mai mota ya san abin da zai duba kafin ya biya kuɗin aiki.

A fara da tiyon kansa. Mota mai kafireta tana tura mai da ƙarfin da bai kai rabin bar ba, wato ma'aunin ƙarfin turi. Mai injekta kuwa tana kaiwa bar 3 zuwa 4, fiye da iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Nan ne kuskure ya fi yawa: a ɗora injin injekta a motar da ta zo da kafireta, a bar tsohon tiyo da tsohon kilif. Tiyon da ya dace yana da rubutu a jikinsa. SAE J30 R9 na injekta ne, R7 na ƙaramin ƙarfi ne, R10 kuma shi ne kaɗai ake nutsawa cikin tanki wajen famfon mai. Farin tiyon nan na leda da ake hango mai a cikinsa, na ruwa ne. Fetur yana busar da shi, zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke haura digiri 40 ya ƙarasa shi, sai ya tsage a bakin kilif.

Ko tiyo mai kyau ba a shimfiɗa shi tun daga tanki har inji. Doguwar tafiyar ta bututun ƙarfe ce ko na nailan irin na kamfani. Roba gajeriya ce, a inda inji ke girgiza da wajen tanki. Bakin bututun ƙarfen kuma sai an yi masa ɗan tudu, don tiyo ya samu abin kamawa. In bakin sumul yake, komai ɗaurin kilif wata rana zai zame. Kilif mai haƙora yana yanka roba, shi ya sa a layin injekta ake sa mai santsin ciki. Waya da tsumman tif ba kilif ba ne.

Hanyar da bututun zai bi ita ce ta fi bukatar haƙuri. Ya bi ta cikin shasi, sama da mafi ƙasƙancin ƙarfen motar, yadda in ta daki tudun kwalta ko dutse ƙarfen ne zai sha dukan. A kama shi da maɗauri mai roba a ciki duk bayan kamar santimita 30 zuwa 40, kada ƙarfe ya goga ƙarfe. Inda zai ratsa bodi a sa zoben roba a ramin. Kada ya bi inda ake kafa jak, kada a ɗaure shi a jikin wayar batir, kuma a ɗaga motar a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama a ga ko taya ko shokzoba na taɓa shi. Tsakaninsa da salansa a bar aƙalla santimita 10. In wuri ya ƙi, a sa farantin kare zafi. Bayan haɗarin wuta, man da ya yi zafi a bututu yana zama tururi, mota ta mutu a cunkoso, a yi ta zargin famfo alhali lafiyarsa lau.

Akwai dabara ɗaya da ya kamata a daina gaba ɗaya: jarka a gaban kujera ko ƙarƙashin bonet, da tiyo a bakinta, saboda famfon tanki ya lalace. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan mota yake kwanciya inda wayoyi suke. Haka tankin ƙari da ake yi wa walda a ɓoye, wanda ba shi da mashaƙar iska ta kirki, ga kuma jawo zargin fasa-ƙwauri a jihar da ke kan iyaka da Nijar.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, gwamnatin tarayya ke ƙarfafa mayar da motoci masu aiki da CNG, wato iskar gas da ake matsewa a cikin tukunya, amma a cibiyoyin da aka amince da su, da kayan da suka cika ƙa'idar hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON. Dalili a fili yake: ana ɗura wannan gas da ƙarfin bar 200. Tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa ba ta kusa da ɗaukar haka, kuma irin wannan ce ta fashe a wani gidan gas a birnin Benin na jihar Edo a watan Oktoban 2024. Layin da ya taso daga tukunya zuwa regileta, mai rage ƙarfin gas, bututun ƙarfe ne marar walda, da ɗan lanƙwasa a kusa da kowane baki don ya shanye girgiza. Shi CNG ya fi iska sauƙi, sama yake tashi, don haka kan tukunyar da ke cikin but yana bukatar rufi da tiyon da zai fitar da yoyo waje. A karanta ranar ƙarewar aiki da ke jikin tukunyar, a kuma karɓi takardar aikin daga cibiyar.

Kafin a kwance layin fetur, a cire fis na famfo, a tayar da inji a bar shi ya mutu da kansa, sannan a cire kan batir na negatif. Bayan an gama, a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba sau uku, a bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda. Na gas, da ruwan sabulu ake gwadawa, kumfa ce alamar yoyo. A sake duba kilif-kilif bayan mako guda, domin sabuwar roba tana lotsawa. In an sauya inji, a kai sabuwar lambarsa ofishin lasisi a gyara takardun mota.